Shekarar da Na Kira Sunan Babanku

Na ji yadda kuke ba da labarin nan, kuma ba haka aka yi ba. A ƙaramar Sallar da ta wuce ina kicin ina juya waina, sai na jiyo Ummi a falo tana faɗa wa ƙawayenta da Turanci wai uwarta jaruma ce, ta tsaya gaban Turawa da Hausawa ta tattake al'ada ko gezau ba ta yi ba. Har tafi suka yi mata. Ba don wainar za ta ƙone ba da na fito na ƙaryata ta a gaban baƙinta. Ni ban tattake komai ba. A ranar gumi ya jiƙa ni sharkaf a ƙarƙashin wata jar alkyabba mai nauyin tsiya, kuma abin da na yi ya jawo mini asarar da har yau nake jin zafinta. To tunda kun iya gyara labari, bari ni ma in rubuta nawa. Wanda Hausarsa ba ta kai ba ya nemi mai fassara masa.

Kun san karatu ne ya kawo Babanku Landan, a Bloomsbury, inda yake taya wani malami koya wa Turawa Hausa. Da karatun ya tsaya bai koma gida ba, ya kama tuƙin bas, jajayen nan masu bene, hanyarsa ta bi ta Aldwych. Ni kuma aka ɗauko ni daga Zariya aka kawo masa, muka zauna a gabashin gari, ba nisa da Dagenham. Aikina na farko zuba wa yara abinci ne a makarantar firamare. Titin da ke gaban makarantar ba shi da wurin tsallakawa, motoci kuwa gudu suke kamar an biyo su. Kullum da safe sai in shiga tsakiyar titi in ɗaga hannu in tsayar da su, iyaye da 'ya'yansu su wuce. Na kai kuka ofishin ƙaramar hukuma, aka ce za a duba. Na koma, aka ce ana dubawa. Na yi ta komawa har mai gadin ƙofa ya san sunayen 'ya'yana duka. Ranar da aka zana fararen layukan nan a titi, wata tsohuwar kansila ta ce tunda na fi wasunsu zuwa ofishin, gara in tsaya zaɓe a ba ni kujera in huta da tsayuwa. Wasa-wasa na tsaya, wasa-wasa na ci, aka kuma yi ta sake zaɓena har na yi furfura a wurin.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yan'uwana kansiloli suka ce ni ce magajin garin gundumarmu mai zuwa. Kada ku ɗauka irin babban magajin garin Landan ne. Namu na shekara ɗaya ne, shi ke jagorantar zaman majalisa, ya yanka zare in an buɗe sabon gini, ya ziyarci makarantu da gidajen tsofaffi, ya sha shayi fiye da yadda cikin mutum zai ɗauka. Amma a iya sanin tsofaffin wurin ba a taɓa ɗora wa baƙar mace sarƙar nan ba, balle Bahaushiya. Mutanenmu suka yi ta bugo waya. Wasu na barka, wasu na tambaya ko yanzu zan iya sama musu gida. Na ce wuƙar da aka ba ni almakashi ne, zare kawai yake yanka.

Akwai wani Bature a ofishin magajin gari, Mista Kolin, dogo siriri, shi ke riƙe sandar girma yana tafiya gaban magajin gari, shi ke kuma koya wa sabo inda zai tsaya da abin da zai ce. Ya zaunar da ni da takardunsa, muka bi komai tiryan-tiryan, sannan ya ɗago kai.

"Saura mai rakiya," in ji shi. "Mu consort muke ce masa. Kowane magajin gari yana zaɓen mutum ɗaya, galibi mijinsa ko matarsa, ya riƙa bin sa duk inda za shi har shekara ta ƙare. Taku ɗaya a bayanki zai riƙa tafiya. Ranar rantsuwa za ki tashi a gaban majalisa ki faɗi sunansa, ya fito, ki rataya masa tasa ƙaramar sarƙar."

"In faɗi me?"

"Sunansa, ranki ya daɗe. Cikakke."

Na ce ya ba ni ruwa in sha.

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane abin da ya tsaya mini a wuya ba sai na yi muku bayani. A gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya hana ni, haka na buɗi ido na gani. Innata ta rayu da Babana har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko yaron kanti ne mai irin sunan, sai ta ce mai sunan Malam. Ba tsoro ba ne, kunya ce, kuma ita ce hanyar da muka iya ta nuna mutum ya fi ƙarfin a riƙa jan sunansa a baki kamar na kowa. Ni ma a lokacin na yi shekara talatin da ɗoriya da Babanku, Malam nake ce masa. A asibiti ko a banki in an tambaye ni, sai in miƙa kati, ko in jero haruffan ɗaya bayan ɗaya, tunda harafi ba suna ba ne. Na ce wa Kolin to in ɗauki babbar 'yata. Ya ce babu laifi, sai in faɗi nata sunan na takarda. Ummi 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Babanku aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Wato na gudu daga sunan miji na faɗa kan sunan suruka. Kolin ya dube ni da tausayi ya ce, in abin ya gagara, shi zai iya karanta sunan a madadina, ko da yake ba a taɓa yin haka ba.

Na dawo gida ina tunanin ta inda zan fara. A zatona babbar rigimar ita ce Babanku ya yarda ya yi shekara guda yana tafiya a bayan matarsa. Na tarar da shi yana tuƙa tuwo, don ranar da nake da zaman majalisa shi ke shiga kicin. Na kewaya, na kewaya, sannan na faɗa masa.

"Taku ɗaya kawai?" in ji shi. "Hajiya, shekara nawa ina tuƙa bas mutane cike a bayana suna kallon ƙeyata? Bari ni ma in ga ƙeyar wani in ji yadda abin yake. Akwai abinci a wuraren da za mu?"

"Akwai, Malam. Amma na Turawa ne."

"To zan riƙa sa yaji a aljihu."

Shi ke nan fa, har ya gama. Abokansa na bayan sallar Juma'a ba su bar shi haka ba. Suka sa masa Mijin Hajiya, wani ya ce a saya masa jakar hannu, wani ya tambaye shi ko zai ɗaura ɗankwali ranar. Ya dawo yana ba ni labari yana dariya, amma na lura makonni biyu a jere bai tsaya hira ba, ana sallamewa yake kamo hanya. Na san ya ji abin a ransa.

Da na kawo maganar sunan kuwa, ga abin da ya ce: "Bakinki ne, Hajiya." Na ce ba amsa ba ce wannan. Ya ce ita ce da shi. Wallahi na so in kwaɗa masa muciyar da ke hannunsa.

Sai Gwaggonku Asabe. Ƙananan cikinku a tsohuwa mai sanda kuka san ta, amma ita ce yayar Babanku da ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, Auta take ce masa har ya yi furfura. Ni kuma ita ce uwata a ƙasar nan. Da na haifi Ummi ita ta taso tun daga gida ta yi mini wankan jego a ɗan banɗakin da ko juyawa ba ka iya yi, ta dama mini kunun kanwa, ta kwana da jaririya don in yi barci. Daga baya ta dawo Landan gaba ɗaya wurin ɗanta likita. Tun ranar da aka kawo ni take ce mini amaryarmu, ina da jika ma ba ta fasa ba. Da labarin ya kai mata, ba ta bugo waya ba, tasi ta hau ta zo.

"Amaryarmu, wai me nake ji? Auta ya bi ki a baya, wannan tsakaninku ne, shi ya ga zai iya. Amma ki tsaya gaban maza da mata ki kira sunansa gatsau kamar kina kiran ɗan cikinki? Ke da nake kafa misali da ke? Baturen ya ce zai karanta, ki bar shi ya karanta. Su ba su da kunya, ba abin da zai ragu a jikinsu."

Na ce, "To, Yaya." Har zuciyata na faɗa. Na sanar da Kolin shi zai karanta, na ji kamar an sauke mini dutse.

Abin da ya ɓata shirin wata yarinya ce 'yar jaridar unguwa da ta zo gida ta yi hira da ni. Ta tambayi sunan maigidana, na ce Malam. Ta rubuta Mista Malam. Ummi na gefe ta fashe da dariya, ta ce da Turanci ai Mama ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ko ranar rantsuwa ma wani zai faɗa mata. Sai na ga fuskar yarinyar ta sauya. Ta ajiye alƙalami, ta rage murya, ta leƙa ƙofar kicin inda Babanku ke haɗa mata shayi.

"Shi ya hana ki?" in ji ta. "Kina iya faɗa mini. Lafiya kike zaune a gidan nan?"

Na yi mata bayani iya Turancina, tana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama yanke hukunci. Ba ta rubuta a jarida ba, na gode mata, amma magana ta zaga. A zaman majalisa na gaba wata kansila da muke mutunci ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna biyu, ta cusa mini wata 'yar takarda mai lambar wayar masu taimakon matan da mazansu ke gallaza wa. Wani kansila kuma, da Babanku ya zo ɗaukata ya miƙa masa hannu, sai ya yi kamar bai gani ba. A gabana aka yi. Babanku ya mai da hannunsa aljihu ya ce mini, "Mu je, Hajiya, na yi parking a inda bai kamata ba."

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, wanda ya raba takardun zaɓena gida-gida cikin ruwan sama, wanda abokansa ke yi wa dariya saboda ni, shi ne za a zauna a zauren nan ana kallonsa a matsayin azzalumi, Kolin na karanta sunansa ni kuma na sunkuyar da kai. Shirun da na yi shekara talatin ina girmama shi da shi, a idon mutanen nan shaida ce a kansa. In na faɗa, Yaya da mutanenmu su ce na raina shi. In na yi shiru, Turawa su ce tsoronsa nake ji. Ko ta ina mutuncinsa ne a hannuna, shi kuma ya ce bakina ne.

Na tafi wurin Rifkatu, ƙawata 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya da ke layinmu. Ita daga bakin ƙofa take ƙwala wa mijinta kira, "Bulus! Bulus!" har layi ya amsa. Ta saurare ni, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta rufe ƙofar kicin.

"To ai sai mu yi practice. Ba kowa, daga ni sai ke sai firji. Faɗi mu ji."

Na buɗe baki, iska ta fito.

"Haba Hajiya! Ke da kike tsayar da lori da hannu ɗaya? Rufe ido. Ko ki sa kanki cikin tukunyar nan ki faɗa mata, ba ta da baki."

Kada ku yi dariya, na sa. Harafin farko ya fito, sauran suka maƙale. Kwana uku muna wannan. A rana ta huɗu na hau bas ni kaɗai, na haye bene na zauna can gaba, ana cikin cunkoson Aldwych, injin na ruri, na rufe baki da mayafi na faɗa a hankali. Ba abin da ya faɗo daga sama. Sai dai na ji kunya ta rufe ni kamar duk motar ta ji, na sauka tun ban kai inda za ni ba.

Ana gobe rantsuwa na je gidan Yaya da hantsi. Ban so ta ji a zaure ba tare da na faɗa mata da bakina ba. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe komai na faɗa mata, har da takardar da aka cusa mini da hannun da aka ƙi karɓa. Ta daɗe tana jan carbi.

"Don Turawa su ce madalla za ki zubar da abin da uwarki ta ba ki?"

"Ba don su ba ne, Yaya. Don shi ne."

"Shi ya ce ki yi?"

"Bai ce ba."

"To ni na ce kada ki yi. Zan zo gobe, don ba za a ce ba a ga dangin miji ba. Amma in kika faɗa, zan tashi."

Na fito ina kuka a titi, mace da furfurarta. Babanku kuwa ban faɗa masa abin da na yanke ba. Tunda ya ce bakina ne, na bar shi ya ji tare da kowa.

Ranar ta zo da rana mai kyau, abin da ba kullum ake samu ba. Zauren majalisa ya cika. Sama inda baƙi ke zama kuwa kamar an kwaso Zariya da Jos an juye, manyan riguna, leshi, turare har ya danne warin tsohon katako. Rifkatu ta zo da matan cocinsu, abokan Babanku na Juma'a sun jeru a layi guda, na san abin da suka zo kallo. Aka sa mini jar alkyabba, aka ɗora sarƙar. An so a kifa mini wata hula mai kusurwa uku, na ce ɗaurin ɗankwalina ya ɗauke ni awa guda, sai dai a riƙe hular a hannu. Na yi rantsuwa, na sa hannu. Daga nan Kolin ya matso da 'yar takardarsa ya gyara murya. Na ɗaga masa hannu kamar yadda nake tsayar da mota. Bawan Allah ya ja da baya.

Na dubi sama. Yaya na layin gaba, hannunta biyu a kan sandarta, idonta a kaina. Babanku na ƙasa a kujerar gefe cikin farar shadda, yana wasa da hularsa. Na yi Turancin da aka koya mini, cewa na zaɓi wanda zai raka ni a wannan shekara. Zauren ya yi tsit, har ina jin agogon bango. Ko yanzu da nake rubutawa sai da na ajiye alƙalami na sha ruwa.

Na ce, "Mijina, Zubairu."

Bai tashi ba. Wallahi waiwayawa ya yi, ya dubi bayansa, ya dubi ƙofa, yana neman wanda ya kira shi. Ya san muryata, ya san sunansa, amma bai taɓa jin su tare ba. Sai da na kusa da shi ya taɓa shi, ya dube ni, ya ga ni ce. Ya miƙe tsaye, ya manta da majalisa da Turawa da duk abin da Kolin ya koya masa, ya amsa da ƙarfi yadda ake amsawa a gida:

"Na'am!"

Sama ta ɓarke da dariya. Rifkatu ta rangaɗa guɗa, matan cocinsu suka taya ta, Turawa ba su san abin da ya faru ba amma suka kama tafi. Abokan Juma'a ma na ga wasunsu na dariya suna girgiza kai. Ya tako ya zo, ya sunkuyo na rataya masa sarƙarsa, sai ta maƙale a hularsa. A cikin wannan hayaniyar na jiyo ƙarar sanda a kan katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ban ɗaga kai ba, na san ko wace ce. Da na duba daga baya kujerarta babu kowa.

Yaya ta yi wata bakwai ba ta taka gidanmu ba. In na aika abinci ta karɓa ta ce an gode, a dawo da kwano a wanke. Na je sau uku, ta amsa gaisuwa ta juya ga talabijin. Haihuwar ɗan Ummi na biyu ce ta dawo da ita, don ta ce ba za ta bari a yi wa 'yar ƙaninta wankan jego na wasa ba. Muka koma muna hira, muna dariya, ni na yi jinyarta a ciwonta na ƙarshe. Amma daga ranar zauren nan har ta koma ga Allah, Bilkisu take ce mini. Ba ta sake cewa amaryarmu ba ko sau ɗaya. Na yi ta jira, ko a asibiti na sa rai, ba ta faɗa ba. Wannan ita ce asarar da na ce muku na yi, kuma ban ga laifinta ba. Abin da aka ba ta ta riƙe, Allah ya jiƙanta.

Shekarar kuwa ta yi daɗi fiye da yadda na zata. Babanku ya zama ɗan gaban goshin gidajen tsofaffi. Ni ina jawabi, shi yana can baya ya tara tsofaffin mata yana ba su labarin fasinjoji, yana barbaɗa musu yaji a dankali suna tari suna neman ƙari. Kansilan da ya ƙi karɓar hannunsa da kansa ya zo ya ba shi haƙuri. Taku ɗayan nan kuwa bai taɓa kiyaye shi ba, kullum sai Kolin ya jawo rigarsa, don ya saba shi ne a gaba.

Amma abin da na fi so ku sani a cikin mota ya faru, ranar rantsuwar, bayan an watse. Aka sa mu a baƙar motar magajin gari, mu biyu a baya, direba a gaba. Rabon Babanku da zama a bayan mota har ya manta. Ya yi ta gunaguni, wai yaron nan bai iya taka birki ba. Ni kuwa na kasa kallonsa, na juya ina kallon titi kamar sabuwar amarya. Can na saci kallonsa, sai na ga ya cire hula yana goge ido da ita.

"Malam, lafiya? Ka yi haƙuri in na..."

"Hajiya," in ji shi, "a wurin aiki Zubi suke ce mini. A masallaci Malam. Yaya ta ce Auta, yara su ce Daddy. Baba ne kaɗai yake kirana da shi cikakke, in na yi abin kirki. Tun da ya rasu ban sake jin sa daidai ba sai yau. Har na ɗauka sunan ya bi shi kabari."

Ya gyara zama, ya leƙa direba, ya matso kusa da kunnena.

"Sake faɗa."

"Malam, ka ji tsoron Allah, ga mutum a gaba."

"Ba ya jin Hausa."

Na faɗa, a hankali. Kuma ga abin da ba wanda ya sani a cikinku. A gabanku da gaban mutane Malam ne, har gobe. Amma tun daga ranar, kullum da safe in na kai masa shayi, in ba kowa a kusa, da sunansa nake kiransa. Kun yi shekaru kuna shiga kuna fita a gidan nan ba ku taɓa kama mu ba. Yanzu da kunnensa ya yi nauyi sai na faɗa sau biyu, wani lokaci sau uku, ina ɗaga murya har ina tsoron maƙwabta, kafin ya ce na'am. Likita ya ce kunnen ne. Ni dai na san tun a na farko yake ji.